Shelar da Ta Koma Cikin Waya

Wata rana bayan sallar isha'i ina zaune a kan tabarma a ƙofar gidana a Kurfi, sai ga ɗan ƙanwata ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Muka gama gaisawa bai tashi ba, sai juya wayarsa yake yi a hannu. Can dai ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce, "Kawu, don Allah ku duba mini wannan. An ce an buɗe ɗaukar soja."

Na sa tabarau na duba. Saƙo ne da Turanci, ga tambarin soja a sama, ga likau shuɗi a ƙasa, an kuma ce a hanzarta kafin a rufe. Na ce masa, "Wa ya ce?"

"A guruf aka turo, Kawu."

"To wa ya turo a guruf ɗin?"

Ya sosa ƙeya, ya ce, "Wallahi shi ma turo masa aka yi."

Na daɗe riƙe da wayar nan bayan na gama karantawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da na yi masa, don a zamanin da na taso tambaya ce mai amsa. In aka ce ana ɗaukar soja ko ɗan doka ko malamin asibiti, akwai bakin da maganar ta fito. Mai bakin kuma yana da gida, gidan yana da zaure, ana iya zuwa a yi sallama a ce, "Ranka ya daɗe, maganar nan da gaske ce?"

Muna yara akwai wani tsoho a unguwarmu, kowa ɗan Burma yake ce masa. Yana da wata tsohuwar kwat mai kauri da ba ya rabuwa da ita ko a tsakiyar bazara. In ya ji nishaɗi sai ya jera mu a layi, ya ba kowa karan dawa a matsayin bindiga, ya yi ta daka mana tsawa muna buga ƙafa, ƙura na tashi. Daga bakinsa na fara jin yadda ake shiga soja. Ya ce saƙo ne ya taso daga Katsina zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, cewa kowane gari ya kawo samari kaza. Ranar kasuwa mai shela ya buga ganga ya faɗa. A daren nan, in ji shi, uwaye da yawa sun ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Shi kam ba a tambaye shi ko yana so ba. Mai unguwa ya dubi faɗin ƙirjinsa kawai ya ce ya isa.

Daga nan sai Zariya, inda Defon horar da kurata take tun 1924, sai jirgin ƙasa zuwa Legas, sai jirgin ruwa zuwa Indiya. Rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, su suka shiga dazukan Burma suka gwabza da Japanawa, kuma Hausa ce harshen bariki a tsakanin sojojin Nijeriya, har Turawan da ke ba su umarni sai da suka koyi 'yar tasu. Amma wurin da tsohon nan ya fi son tsayawa a labarinsa shi ne zuwan Sarki. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya je har can ya duba sojojin. Tsohon yakan yi shiru in ya kawo nan, sannan ya ce, "Ranar sai muka ji kamar Katsina ce ta taso ɗungurungum ta zo gaishe mu." Akwai tilas a cikin waccan shelar, ba na musu, akwai kuma zalunci, don ɗan mai unguwa ba kasafai ƙirjinsa ke isa ba. Sai dai wanda ya aike ka ya san sunan ubanka, in ka dawo da ƙafa ɗaya dole ku haɗa ido a masallacin Juma'a.

Har bayan samun 'yancin kai aikin soja bai da farin jini a ƙasarmu. Ɗan bariki ake ce wa soja, iyaye na ganin wanda ya sa kaki ya bar salla ke nan. Sai da Sardauna da ministocinsa suka riƙa bin makarantu suna lallashin ɗalibai, suna nuna musu cewa gaba wanda ba shi da hafsoshi zai zama ɗan kallo. Sarkin Katsina da kansa ɗansa Hassan soja ne, wanda daga baya ya yi gwamnan Arewa ya kuma shugabanci rundunar sojan ƙasa. Daga sakandaren lardi ta Katsina Muhammadu Buhari da Shehu Musa 'Yar'aduwa suka fita zuwa aikin soja a farkon shekarun 1960. Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1967 kuwa, sai ƙofa ta buɗe wangale. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 da 'yan kai ba, kafin a gama yaƙin a 1970 ta doshi 250,000. Ba fom, ba kiredit. Kana da lafiya, kana iya gudu, hau mota.

Mu ma da muka bi hanyar alli da allo mun taɓa irin wannan gatan. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, aiki ne ke bin mutum. Kafin mu bar kwalejin horon malamai an riga an raba mu makarantu, abin da ya rage kawai ka ɗaure akwatinka a bayan keke. A shekarun nan ne ake gina madatsar Zobe a kan kogin Karaduwa. Wanda ke son aikin lebura sai ya yi sammako ya tsaya a bakin aikin, helima ya fito ya ƙirga kawunan da yake buƙata, saura su koma gida su dawo gobe. Mai ɗauka da wanda ake ɗauka suna kallon juna ido da ido.

Daga tsakiyar shekarun 1980 abubuwa suka fara tsuke. Tsarin SAP ya zo a 1986, kuɗi ya karye, masu takarda suka yi yawa, gurabe suka yi kaɗan. Ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ya ɗan buɗe wasu kujeru, nan da nan suka cika. Shela ta bar bakin mai ganga ta koma shafin New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, da sanarwar Rediyon Kaduna, da allon sanarwa na ofisoshi. Wannan allon fa shi ne inda na fara ganin yadda ake ɓoye labari kamar yadda ake ɓoye hatsi a shekarar fari. Na san wani ofis da aka liƙa takarda ranar Alhamis da la'asar, an rubuta za a rufe karɓar takardu Litinin da safe. Kafin mutumin ƙauye ya ji, ya nemi kuɗin mota, ya ɗauki hoton fasfo, an gama rabo. Wani lokaci ma wanda ya fara gani sai ya yage takardar ya sa a aljihu, don kada a yi wa ƙanensa yawa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, mu kuwa malaman ƙauye mun sha kallon ɗalibanmu masu ƙoƙari suna jin labarin aiki bayan waɗanda aka ɗauka sun karɓi albashin farko.

Saboda haka ba ni cikin masu zagin waya. Da wayar salula ta shigo a 2001, da kafe-kafe suka fara buɗewa a Katsina, sannan a Dutsin-Ma bayan an kafa Jami'ar Tarayya a 2011, na ga ƙofar da aka daɗe ana tokarewa ta ciki ta fara motsi. Yanzu rundunar soja ta ƙasa da ta sama da ta ruwa, da 'yan sanda, da Kwastan, duk suna da shafukansu a Facebook da X. A minti ɗaya ɗan minista a Maitama da ɗan mai kamun kifi a bakin Zobe suke ganin sanarwa. Ba wanda zai iya yage ta ya sa a aljihu. Da aka buɗe N-Power a 2016, na ga yaran da ba su san ko maigadi a Abuja ba sun cike fom a waya, sun yi jarrabawa, ƙarshen wata alat ɗin naira 30,000 ya shigo. Wata tsohuwa a layinmu har yau ba ta yarda cewa babu hannun wani a ciki ba, cewa take yi ai gwamnati ba ta ba wanda ba ta sani ba.

Sai dai da ƙofar waje ta faɗaɗa, ta ciki tana nan yadda take. Kowa ya ji, kowa ya zo, kujeru kuwa ba su ƙaru ba. Ranar 15 ga Maris 2014 ta nuna wa ƙasa haka ƙarara. Dubban ɗaruruwan matasa suka cike fom ɗin aikin shige da fice ta intanet, kowa ya biya naira 1,000, a kan guraben da ba su kai 5,000 ba. Aka tara su a filayen wasa rana guda, turmutsutsu ya ɓarke a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, fiye da mutum goma suka rasu da takardunsu a hannu. Bayan shekara biyu aka nemi 'yan sanda 10,000, masu nema suka doshi miliyan ɗaya. In mutum ɗari na neman kujera ɗaya, kowa ya san casa'in da tara za su koma gida, kuma a cikinsu ba za a rasa wanda zai ce bari ya nemi ta bayan gida ba. A nan 'yan damfara suka kafa rumfa.

Wani maƙwabcina mai noman rani a bakin Zobe shi ya faɗa hannunsu. Ɗansa ya haɗu da wani a Facebook, hotonsa sanye da kaki, kafaɗa cike da taurari, yana yi wa yaro magana da "ɗana". Ya ce akwai ofa guda biyu da suka rage a hannun maigidansa, ba sai an wahala da jarrabawa ba, a dai turo na goro. Uban ya sayar da injin ban-ruwansa da tumaki biyu. Takardar ɗaukar aiki ta zo ta WhatsApp, aka kai kafe aka buga ta mai kala, har da hatimi da sa hannu. Na riƙe ta da hannuna, kuma da a ce ni aka ba, da na yarda. Aka yi wa yaro ɗinki, aka saya masa jaka, uwarsa ta soya masa fara da ƙuli-ƙuli, ya hau motar Abuja. A bakin get aka dubi takardar aka ce masa ya yi wa kansa ƙiyamul laili ya bar wurin kafin a tsare shi. Ya kira lambar, a kashe. Shafin ma ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Cinikin biri a sama aka yi, ga shi babu zauren da za a je a yi sallama. A wannan shekarar maƙwabcina da bokiti ya yi ban-ruwan 'yar gonar da ya iya.

Wannan ne ya sa ban bar ɗan ƙanwata ya latsa likau ɗin nan ba. Washegari na ɗauke shi a babur muka tafi Dutsin-Ma, wani kafe da ke kusa da jami'a. Ɗaki ɗaya ne, kwamfuta uku, janareta na kuka a waje, samari sun cika benci kowa da farin ambulan a cinya. Mai kafen yaro ne da bai fi sa'an ɗana na uku ba. Ya karɓi wayar, ko minti ɗaya bai yi ba ya yi murmushi.

"Baba, wannan na ɓarayi ne. Ku duba ƙarshen adireshin. Na soja na gaskiya da mil.ng yake ƙarewa, na ma'aikatun gwamnati kuma gov.ng. Kuma fom ɗin soja kyauta ne, su da kansu kullum suna faɗa. Duk wanda ya ce ku tura kuɗi, ku gudu."

Ya buɗe shafin rundunar ya nuna mini, ya ce ba a buɗe ba tukuna, in an buɗe zai sa a sitatus. Na fito ina tunani. Ashe mai shelar zamanin nan shi ne wannan yaro mai kafe. Ba wanda ya naɗa shi, ba shi da ganga, amma rabin samarin Dutsin-Ma da Kurfi da Safana bakinsa suke jira. Dalili kuwa ɗaya ne: an san shagonsa, in ya yi ƙarya akwai inda za a same shi. Labari ya yi araha har ana zubar da shi a kwata, tabbaci ne ya yi tsada.

Mun kuma ga ranar da shelar ta ɗauke ɗif. A watan Satumba na 2021, saboda ta'asar 'yan bindiga, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, ba a maido ba sai a Disamba. An yi ne don a toshe wa ɓarayin daji da masu kai musu rahoto hanya, kuma wanda ya kwana yana jin harbi ba zai raina dalilin ba. Amma a watannin nan na gane yadda komai ya koma cikin waya. Duk yaron da ke jiran fitar sunaye sai ya nemi kuɗin mota zuwa Katsina, ko ya bi hanya yana ɗaga waya sama har inda sabis zai kama. Mutum ɗaya kan tafi da wayoyi biyar na abokansa a aljihu, ya dubo wa kowa, ya dawo da yamma a kewaye shi a tasha. Ga allon sanarwa yana nan a bango, ba wanda ke liƙa masa komai. Mun saki na hannu mun kama na sama, da na saman ya tsinke sai muka tsaya hannu rabbana.

Wani abin da ke hana ni barci shi ne, ba gwamnati kaɗai ke kira a cikin wayar nan ba. Yaron da ya cike fom sau huɗu bai ga sunansa ba, in ya ɗan ja yatsa ƙasa sai ya ci karo da ɗan bindiga a TikTok, zaune a gindin bishiya, ya baje daurin kuɗi a gabansa yana raha. Bai ce kowa ya zo ba, amma shela ce. Daga nesa ma ana kira. An ba da labarin 'yan matan Afirka da aka jawo ta tallace-tallacen soshiyal midiya da sunan karatu da aiki, suka tsinci kansu a masana'antar haɗa jirage marasa matuƙa a Alabuga ta ƙasar Rasha. Ɗan Burma aƙalla ya san sarkin da ya tura shi yaƙin da ba nasa ba. Jikansa na iya tafiya a kan maganar wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Abin lura, da wuta ta kai gemu sai aka waiwayi tsohuwar hanya. Lokacin da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a watan Oktoba na 2023, da matasa kusan 1,500 a kashin farko, daga garuruwan da abin ya shafa aka zaɓo su, 'yan gari waɗanda suka san daji aka kuma san iyayensu. Wanda za a danƙa wa bindiga ya tsare unguwa, dole a sami mai cewa, "Na san shi, na san gidansu." Kwamfuta ba ta iya wannan shaidar.

Ko a aikin sojan ma haka na tarar. Da aka buɗe na gaskiya, mai kafe ya cika alkawari. Ɗan ƙanwata ya cike fom: shekara tsakanin 18 da 22, tsayi kada ya gaza mita 1.68, lambar NIN, sakamakon sakandare da Turanci a ciki. Aka buga masa silif. Daga nan fa waya ta gama nata. Sauran duk ƙafa ce da fuska. Takardar indijin sai an je ƙaramar hukuma, su kuma sai sun ga shaidar masu gari. Takardar yardar iyaye sai da uwarsa ta dangwala yatsa tana share hawaye da gefen mayafi. Takardar garanto sai da na saka babbar riga na je na zauna a zauren wani dattijo, muka yi gaisuwa mai tsawo kafin na faɗi abin da ya kawo ni. A wurin tantancewa kuma aka sa su gudu, aka auna tsayi, likita ya duba ido da haƙori da tafin ƙafa. Tun da tsarin mulki ya ce rundunar ƙasa ta ƙunshi kowane yanki, kowace jiha da kasonta, don haka da 'yan jiharsa yake takara. Karon farko bai samu ba. Ya dawo ya yi shekara yana tallan fetur a galan yana gudu da asuba a hanyar Batsari. Karo na biyu Allah ya nufa.

Duk sanda na bi ta Zobe nakan tsaya in kalli ruwan nan. Tun 1983 aka gama madatsar, ruwa ya kwanta iya ganinka, amma sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin da zai kai shi famfunan Katsina. Shekara kusan arba'in mutane na kallon ruwa da ido suna jan guga a rijiya, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Haka sanarwar aiki ta zama a wayoyin 'ya'yanmu. Ta cika ta batse, kowa na gani, bututun da zai kai ta gida ne siriri. Mu aka ɓoye wa labari, su kuma aka cika su da shi har ba su san wanne za su kama ba. Ban san wanne ya fi ciwo ba, amma na san abin da ya rage mana mu manya: mu zama zauren da yaro zai zo ya yi sallama kafin ya latsa.

Ranar da ɗan ƙanwata zai tafi Zariya, an gaya musu kurtu ba ya riƙe waya a Defo. Wayar da ta kira shi ita ce farkon abin da ya ajiye. Ya ba uwarsa, ta naɗe ta a ƙyalle ta sa a cikin kwalla, duk bayan kwana biyu ta aika yaro ya kai wa mai caji. Bai fita daga guruf ɗin nan ba, don haka wayar ba ta daina ƙara. Duk sanda ta yi ƙara sai ƙanwata ta yafa mayafi ta tako har gidana, ta miƙo mini ta ce, "Yaya, ku duba mini, ko shi ne?"

Sai in sa tabarau in duba. Ga tambari a sama, ga likau shuɗi a ƙasa, an ce a hanzarta kafin a rufe.

"Ba shi ba ne," nakan ce mata. "Wai an buɗe ɗaukar aiki."

"In ji wa?"

Sai in miƙa mata wayar, ta naɗe ta a ƙyallenta ta koma gida.